Naira 70,000 da Kwana 12 na Jinya: Wa Dokar Ta Rufe, Wa Ta Bari a Rana?

Tsohon Akanta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar gida da tambayar da na kasa ba shi gamsasshiyar amsarta, duk da cewa na shafe shekara 31 ina haɗa takardun albashi kafin in yi ritaya. Ɗansa yana aiki a wani kamfanin ruwan leda shekara biyu ke nan, ana biyan sa Naira 35,000 a wata. Taifot ya kwantar da shi kwana tara, da wata ya ƙare sai ya tarar an zaftare masa kuɗin kwana taran nan cif, har manaja yana yi masa gorin cewa albarkacin mahaifinsa ne ya sa ba a ba wani gurbinsa ba. Dattijon ya dube ni ya ce: "Alhaji, ba an ce gwamnati ta yi doka kowa a ba shi dubu saba'in ba? To ita dokar a ina ta tsaya?"

Duk mun tuna yadda aka sha fama kafin a kai ga wannan adadi. A ƙarshen Janairun 2024 aka kafa kwamitin mutum 37 ƙarƙashin Alhaji Bukar Goni Aji, wanda ya haɗa wakilan gwamnati da na ƙwadago da na masu kamfanoni. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka sa suna Naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta ja-in-ja kamar ana cinikin sa a kasuwar Wudil, har ranar 3 ga Yuni ma'aikata suka tafi yajin aiki, suka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, suka rufe filayen jiragen sama. Daga baya ƙwadago ta sauko zuwa 250,000, gwamnati ta hau zuwa 62,000, kuma sai da shugaban NLC Joe Ajaero da na TUC Festus Osifo suka zauna da Shugaba Tinubu da kansa sannan aka tsaya a 70,000, ya sa wa dokar hannu ranar 29 ga Yuli.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk tsawon watanni shidan nan lissafin adadi kawai na ji ana yi a rediyo da talabijin. Ban ji an tsaya an tambayi mutum nawa ne wannan adadi zai isa aljihunsu ba, kuma ban ji an yi yajin aiki ko na rana ɗaya a kan abin da zai faru da lebura idan ciwo ya kwantar da shi ba. Ina roƙon masu ilimin doka da ke cikinmu su haska mana, domin na yi wa dattijon alkawarin zan koma masa da magana.

Barista:
Wa alaikumus salam, Baba Akanta. Tambayar maƙwabcinka guda biyu ce a dunƙule, kuma dokoki biyu ne daban suke amsa su, saboda haka zan raba su.

Ta farko ita ce dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilun shekarar, lokacin da aka koma Naira 30,000. Abin da aka yi a 2024 gyara ne kawai aka yi mata: an canza adadin zuwa 70,000, an kuma rage tsawon lokacin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Sashen da ya lissafa waɗanda dokar ba ta shafa ba yana nan yadda yake. Duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, babu ruwan doka da shi. Haka nan wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, da mai aikin rabin lokaci, da mai aikin da ke bin yanayin shekara irin na gona. Kafin 2019 ma iyakar mutum 50 ce, sannan aka sauko da ita. Don haka abin da za a fara bincika shi ne yawan ma'aikatan wannan kamfani. Idan 20 ne, to 35,000 ɗin da ake ba yaron bai saɓa wa doka ba, ko da kuwa ya saɓa wa tausayi.

Ta biyu ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974, kuma nan ne nake so a saurare ni da kyau, domin mutane da yawa ba su san da wannan ba. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi albashin kwanakin aiki har 12 a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa aiki, muddin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon, kuma muddin ya yarda likitan da mai aikin ya zaɓa ya duba shi idan an nemi haka. Wannan sashe bai kafa sharaɗin ma'aikata 25 ba. Ke nan yana iya yiwuwa dokar 70,000 ta bar yaron a waje, amma ta kwana 12 ta rufe shi. Sai dai sashe na 19 ya ce gundarin albashi kawai ake lissafawa, ban da kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus.

Idan an tauye ɗaya daga cikin biyun, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, bisa sashe na 254C da aka ƙara wa kundin tsarin mulki a gyaran 2010.

Malamar Firamare:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma ka yi mini afuwa idan na ce wannan sashe na 16 yau na fara jin sa, alhali shekarata bakwai ina koyarwa a makarantu masu zaman kansu. A makarantar da na bari bara, mu malamai da masu shara da direbobi mun haura 40, saboda haka babu maganar ba mu kai 25 ba, amma albashina bai taɓa wuce Naira 28,000 ba, kuma watannin dogon hutu ba a biyan mu ko sisi. Akwai wani babban littafi a teburin hedimasta da ake sa hannu kafin ƙarfe bakwai da rabi, daga nan sai a ja jan layi. Wadda ta zo bayan layin an yanke mata ɗari biyar, wadda ba ta zo ba an yanke mata kuɗin kwana biyu, ko da daga gadon asibiti ta aiko saƙo.

Na taɓa shiga aji da zazzaɓin cizon sauro, ina rawar sanyi a gaban yara 46, na jingina da allo ina karanta musu darasi saboda ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba. Ba son aiki ne ya kai ni ba, lissafin kuɗin kwana biyu ne. Kuma ko a ranar an karanta mini sashe na 16 ba zan kai ƙara ba, domin mai makarantar ya sha faɗa mana cewa takardun neman aiki sun cika masa dirowa, duk wadda ta gaji ta ajiye alli.

Mai Gidan Burodi:
Ni kuwa daga ɗaya ɓangaren nake, kuma na san maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ina da ma'aikata 18 tsakanin masu kwaɓi, masu tanda, masu ɗauri da masu kai kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ba abin da bai tashi ba: fulawa, sukari, bota, yis, leda, itace, man motar rarraba kaya. Idan na ƙara Naira 100 a kan burodi, mai shayi ya koma wurin wani, idan na rage masa girma a ce na ci amana. A irin wannan hali, da za a ce gobe in biya kowa 70,000, wallahi kafin wata uku zan sallami rabinsu ko in rufe tandar gaba ɗaya. Wannan iyaka ta mutum 25 da ake gani kamar zalunci, ita ce ta bar irinmu a kasuwa.

Game da jinya, ban taɓa yanke wa yaro kuɗi don ya kwanta ciwo ba, sau da yawa ma ni nake biyan kuɗin magani. Sai dai ina yin haka ne saboda na san iyayensu kuma ina tsoron Allah, ba don wata takarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗanda suka zauna a Abuja suka yanke adadi ɗaya ga kamfanin siminti da gidan burodi ba su taɓa sayen buhun fulawa bashi ba.

Malamar Firamare:
Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan yaranka, amma ranar da ka miƙa wa wani ragamar gidan burodin nan, wanda bai san iyayensu ba, me za su riƙe a hannu? Ni ma mai makarantarmu mutum ne mai yawan sadaka, yana raba buhunan shinkafa da azumi, kuma shi ne yake jan jan layin.

Mai Gidan Burodi:
Malama, wannan magana taki gaskiya ce, ba zan musa ba. Idan kwana 12 ne a shekara, zan iya rubuta shi a takarda in ba kowa ya ajiye, ba zai karya ni ba. Abin da ba zan iya ba shi ne 70,000 sau 18 duk wata.

Kwamared:
Baba Akanta, da girmamawa, ina ganin ba ka yi wa ƙungiyoyin ƙwadago adalci ba. Babu wani ƙarin albashi a tarihin ƙasar nan da aka miƙo shi a faranti. Naira 125 ta zamanin Shagari sai da NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aikin gama-gari a watan Mayun 1981. Naira 18,000 ta 2011 da 30,000 ta 2019 duk sai da aka kai ruwa rana. Kuma a duk lokacin da muka yunƙura, kotu ake fara rugawa. A watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta samo umarnin Kotun Ma'aikata da ya hana NLC da TUC yajin aiki a kan cire tallafin mai, sannan a jajibirin yajin aikin Yunin 2024 Antoni Janar Lateef Fagbemi ya rubuto cewa yajin ya saɓa wa doka. Ga kuma barazanar ba aiki ba albashi da ake ɗaga mana kullum. Wanda yake fafatawa a wannan fage ba zai iya riƙe igiya goma a lokaci ɗaya ba, dole ya zaɓi wadda za ta ja sauran.

Dalilin da ya sa adadi ya zama abin faɗa a bayyane yake. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200. Naira 30,000 a 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 a ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, ta abinci kuma ta haura kashi 40. Adadin yana hawa a takarda, abin da yake saya a kasuwa yana raguwa. Samun rage wa'adin zuwa shekara uku ma nasara ce babba, domin yanzu 2027 za a koma teburi maimakon 2029.

Tsohon Akanta:
Kwamared, ban raina gwagwarmayarku ba, ni ma na ci moriyarta, domin duk ƙarin da kuka ƙwato sai da ya biyo ta kan teburina. Tambayata ita ce su waye 'ya'yan ƙungiyarku. Ma'aikatan gwamnati ne, da na bankuna, da na mai, da na lantarki, da manyan masana'antu, wato mutanen da tuni suke da takardar ɗaukar aiki da tsarin hutun jinya a ƙa'idojin aikinsu. Ita kuwa Hukumar Ƙididdigar da ka ambata, ita ce ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da babu rajista babu takarda. Ɗan maƙwabcina ba ya biyan kuɗin ƙungiya, Malama ma ba ta biya, shi ya sa babu wanda ya kashe wutar ƙasa dominsu.

Kwamared:
Wannan suka ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Abin da zan ce kawai shi ne, duk wurin da ma'aikata suka yi yunƙurin kafa reshen ƙungiya a irin waɗannan ƙananan kamfanoni, waɗanda suka jagoranci yunƙurin su ake fara sallama. Sannan ko ma'aikatan gwamnatin da kake ganin sun tsira, ba su tsira ba. Jihar Zamfara sai a tsakiyar 2024 ta fara biyan Naira 30,000 ta 2019, wato shekara biyar bayan doka, a daidai lokacin da ake cinikin sabon adadi. A Abuja kanta, malaman firamare na ƙananan hukumomin birnin tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki daga Maris ɗin 2025 a kan wannan 70,000 ɗin da ariyas ɗinsu, yara suna zaune a gida a ƙarƙashin hancin Majalisar Tarayya.

Baban Ummi:
Tun da an zo kan jihohi, bari in faɗi abin da na daɗe ina gani. A ra'ayina kuskure ne a yanke wa jihohi 36 adadi ɗaya daga Abuja. Legas tana tara kuɗin shiga na cikin gida da ya ninka na yawancin jihohinmu sau da yawa, kuma kuɗin hayar ɗaki ɗaya a can ya isa hayar gida sukutum a Gusau ko Dutse. Ƙungiyar Gwamnoni ta fito fili a watan Yunin 2024 ta ce ko 60,000 ba za ta ɗore ba, domin wasu jihohin duk kasonsu na wata zai ƙare ne a albashi. Kuma ai mun ga abin da ya biyo baya: Legas ta sanar da 85,000, Neja 80,000, Kebbi 75,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Kowa dai ya yanka daidai wuyansa. Me zai hana a halatta abin da ake yi a aikace? Honorabul Garba Datti Muhammad ya kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai a 2021 domin a cire batun daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, a mayar da shi jerin da jihohi ma ke da ta cewa, amma aka yi masa ca kamar ya yi saɓo.

Barista:
Baban Ummi, akwai abin da ya kamata a bambance. Abu na 34 a jerin ikon tarayya da ke cikin kundin tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon yanke mafi ƙarancin albashi, wato ƙasan da ba a sauka ƙasa da shi. Bai hana kowace jiha hawa sama ba, kuma misalan da ka kawo su ne shaidar haka, domin babu wanda ya kai Legas ko Neja kotu don sun biya fiye da 70,000. Saboda haka ikon da ƙudirin 2021 zai ƙara wa gwamna guda ɗaya ne tak, shi ne ikon biyan ƙasa da adadin ƙasa. Wannan ne ya sa NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta yi tattaki zuwa Majalisa a watan Maris na shekarar, kuma har yau batun yana nan a jerin tarayya.

Wani abin kuma, babban nauyin da ke kan jihohi ba na ma'aikacin mataki na ɗaya ba ne, domin masu karɓar mafi ƙarancin ba su da yawa. Nauyin yana wajen daidaita albashin sauran matakai, tun daga na biyu har na 17, kuma dokar ba ta ce komai a kan wannan ba, an bar shi ga tattaunawa. Shi ya sa gwamna zai iya rantsewa yana biyan 70,000 kuma ya yi gaskiya, alhali malamin da ke mataki na takwas ƙarin da ya gani bai taka kara ya karya ba.

Baban Ummi:
Na karɓi gyaran a kan bambancin sama da ƙasa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa dokar da gwamnoni suke karyawa shekara biyar ba a hukunta kowa ba, ba ta da maraba da shawara. Gara adadin da za a biya da gaske a kan wanda za a yi ta karantawa a jarida.

Maman Khalifa:
Sallama daga Amurka. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan batu ya taɓa ni kai tsaye, domin aikin kula da tsofaffi nake yi a jihar Misuri, kuma abin da Baban Ummi yake nema shi ne tsarin da muke ciki a nan. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni biyan ma'aikaci kwanakin jinya. An bar wa jihohi, kowace ta yi nata.

A zaɓen Nuwamban 2024 mutanen Misuri suka kaɗa ƙuri'a kai tsaye a kan wata doka, kusan kashi 58 cikin 100 suka amince. Dokar ta ɗaga albashi zuwa dala 13.75 a 2025 da dala 15 a 2026, ta kuma ce duk awa 30 da mutum ya yi yana aiki ya tara awa ɗaya ta hutun jinya da za a biya shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka garzaya kotun ƙolin jihar suna neman a soke zaɓen, kotu ta ƙi a ƙarshen Afrilun 2025, muka fara tara awanninmu ranar 1 ga Mayu. Ina gani a takardar albashina duk bayan mako biyu, awa biyu da 'yan mintuna suna ƙaruwa, har ina lissafin ranar da zan je ganin likitan haƙori ba tare da na yi asarar kuɗin yini ba. Abin da aka kasa samu a kotu sai aka samu a majalisar jiha, inda 'yan jam'iyyar Republican ke da rinjaye. Suka zartar da dokar soke hutun jinyar, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu a watan Yuli, ta fara aiki ranar 28 ga Agusta. Wata huɗu kacal dokar da jama'a suka zaɓa ta yi a raye. Sun bar dala 15 ɗin, amma sun cire tanadin da zai riƙa ɗaga albashin duk shekara gwargwadon tsadar kaya.

Abin da na lura da shi shi ne, adadin albashi ba su iya taɓa shi ba saboda kowa ya haddace shi, hutun jinya kuwa shi aka fara yankewa. Ku a gida kuna da kwana 12 a rubuce tun 1974, wanda mu a nan ba mu da shi yanzu.

Kwamared:
Hajiya, mun gode da wannan bayani, kuma ina fata Baban Ummi ya karanta shi sau biyu.

Baban Ummi:
Na karanta, Kwamared. Na kuma lura cewa jihar tata tana biyan ninki biyu na abin da tarayya ta yanke, wanda ke nuna jiha tana iya wuce tarayya idan jama'arta suka matsa mata. Hujjar tana yanka ta ko'ina.

Malamar Firamare:
Barista, ina da tambaya. Na taɓa jin ana cewa kundin tsarin mulki da kansa ya yi maganar albashin da zai riƙe mutum da kuma kula da marar lafiya. Idan haka ne, me ya hana wani ya kai gwamnati kotu a kan wannan?

Barista:
Haka ne, Malama. Sashe na 16(2)(d) na kundin 1999 ya ambaci mafi ƙarancin albashin da zai ishi mutum rayuwa, da fansho, da tallafin marar lafiya da na marar aikin yi. Matsalar ita ce yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika abin da ke wannan babi ko ba ta cika ba. Don haka abin da ake iya riƙewa a gaban alƙali shi ne dokokin nan biyu da na ambata.

Game da makarantar da kika bari, tun da kun haura 25, dokar albashi ta hau kan mai ita, kuma ta tanadi tara da biyan dukkan bashin da ma'aikata ke bi. A kan kwana 12 kuwa akwai 'yar sarƙaƙiya, domin sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", kuma lauyan makaranta zai yi ƙoƙarin cewa malami ƙwararre ne, a koma ga abin da takardar ɗaukar aiki ta ce. Mai shara da direba ba su da wannan matsalar.

Malamar Firamare:
Takardar ɗaukar aiki kuma? Ni da baki aka ce mini in fara ranar Litinin.

Barista:
Wannan ma saɓa doka ne, domin sashe na 7 ya wajabta ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Rashin takardar bai soke haƙƙi ba, sai dai yana wahalar da hujja, shi ya sa nake ba mutane shawarar su riƙa ajiye saƙon banki na shigar albashi.

Tsohon Akanta:
Na dawo daga wurin dattijon yanzu, na kuma zauna da yaron da kansa. Ya ƙirga mini abokan aikinsa da suna: su 14 ne a cikin kamfani, tsakanin masu kula da inji da masu jera leda da masu gadi, sai direbobi da yaran mota su 16 waɗanda ake biya gwargwadon jakar ruwan da suka sayar. Idan an haɗa sun kai 30, idan an cire na kan mota ba su kai 25 ba. Albashinsa a hannu ake ba shi, yana sa hannu a wani littafi da ke wurin kashiya.

Game da jinyar, kwana shida na farko a gida ya yi su, wani mai kyamis na unguwa yana zuwa yana yi masa allura da ƙarin ruwa. Sai da jiki ya ƙi aka kai shi babban asibiti, likita ya rubuta gwajin jini, aka kwantar da shi kwana uku. Katin asibitin yana nan a hannun mahaifiyarsa, da takardar gwajin.

Barista:
To Baba, a bar maganar 70,000 tukuna, domin ko za a lissafa 'yan kamashon nan 16 cikin adadin ma'aikata abu ne da za a yi doguwar jayayya a kansa, kuma ba yaron da ke karɓar 35,000 ne zai ɗauki nauyin wannan shari'a shi kaɗai ba. A fara da abin da ke hannu. Allurar mai kyamis ba ta zama shaida a ƙarƙashin sashe na 16, amma likitan da ya kwantar da shi yana iya rubuta rahoto, kuma idan ya ga dama a bisa abin da gwajin ya nuna, yana iya bayyana cewa ciwon ya riga zuwansa asibiti da kwanaki. Ko bai rubuta haka ba, kwana ukun kwanciya ba su da gardama. A kai rahoton tare da 'yar gajeriyar wasiƙa cikin ladabi zuwa ga mai kamfanin, ba manaja ba, a ajiye kwafi. Idan ba a amsa ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, inda jami'an ƙwadago ke kiran ɓangarori biyu sulhu kafin a kai ga kotu.

Mai Gidan Burodi:
Ni dai shawarata, dattijon ya je da kansa tare da Alhaji Akanta, kada a tura yaron shi kaɗai da wasiƙa. Na san halinmu, idan takarda ta zo daga hannun yaro sai a ga kamar raini ne.

Tsohon Akanta:
Haka za a yi. Na faɗa wa dattijon, amma ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko kuɗin kwana tara sun kai a yi kasadar aikin gaba ɗaya. Na lissafa masa a bayan ambulan, sun kama Naira 10,500. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a ya yi shawara da mahaifiyar yaron, amma gobe da safe za mu je asibiti neman rahoton likitan tun kafin a nemi fayil ɗin a rasa.